Ruwan wanka mai ƙuna: shawar lantarki a ƙasar Damargu

Wanda bai taɓa zuwa Damargu ba sai a watan Afrilu ko Mayu zai yi mamaki idan ya ji ana maganar dafa ruwan wanka a wannan ƙasa. A lokacin zafi yana haura digiri 40 kusan kullum, ruwan sha ma sai an naɗe tulu da jiƙaƙƙen buhu kafin ya shawu. Amma wanda ya kwana a Tanut ko Belbeji a ƙarshen Disamba, ko gari ya waye masa a wani zangon makiyaya na ƙaramar hukumar Tenhiya, ya san ɗarin arewacin Damagaram ba abin wasa ba ne. Iskar hunturu tana gangarowa daga Sahara babu dajin da zai tare ta, da asuba sanyi yakan sauka kusa da digiri 10. Ruwan da ya kwana a randa sai mutum ya yi ta maza kafin ya yi alwala da shi, balle wanka, balle a ce jariri za a wanke ko tsoho mai ciwon gaɓoɓi.

Tun kaka da kakanni maganin wannan shi ne tukunya a kan murhu, da kara ko itace ko busasshen kashin dabbobi. Itace kuwa ya yi wuya a Damargu, mata da ƴanmata ne suka fi kowa sanin nisan da ake yi kafin a haɗa dami ɗaya. Tun da matatar man SORAZ ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011 a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, tukunyar gas ta shiga wasu gidaje. Inda kuma wayar kamfanin wuta na Nijelek ta kai, sai ga na'urorin dafa ruwa da lantarki: hitar da ake tsomawa a bokiti, da tankin da ake ratayewa a bango, da shawar da ke ɗumama ruwa nan take yana wucewa.

Gaskiyar magana, a Tenhiya wannan shawa ba kayan kowa ba ce. Ƙasa ce ta kiwo, ta Buzaye da Fulani, mafi yawanta a arewacin iyakar noma da dokar 1961 ta shata, inda har yau raƙumi ko jaki ne ke jan wasaki daga rijiya mai zurfin gaske. A Nijar gaba ɗaya kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da wutar lantarki, a karkara abin bai kai ko kusa da haka ba. Shawar lantarki ta gidajen ma'aikata ce da ƴan kasuwa da masaukan baƙi, da kuma gidan wanda ya dawo daga Libiya ko Aljeriya ko Kano ya gina makewayi na zamani. Sai dai irin waɗannan gidaje suna ƙaruwa a manyan garuruwan da ke kan hanyar Agadas, kuma kukan da ake kai wa masu gyara kusan iri ɗaya ne: "Malam, zo ka duba mini shawar nan, ruwan ƙuna yake yi, yara sun ƙi shiga." Maigida yakan ɗauka wuta ce ta yi yawa. Sau da dama kuwa wutar lafiya lau take, ruwa ne ya yi kaɗan.

Na'urar ba ta san zafi ba

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai mai kama da ƙwarya ta roba, wadda ake ɗaurawa a bakin bututu wayoyi na shiga ta samanta. Wannan a Barazil ta samu gindin zama tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kamfanin Lorenzetti na can ya yi suna da ita, ta kuma bazu a ƙasashe irin su Kenya. A cikinta akwai murɗaɗɗen zaren ƙarfe, wanda masu gyara ke kira rezistans, yana zaune tsirara a cikin ruwa. Idan aka buɗe famfo, ƙarfin ruwa ya tura wata ƴar fatar roba sama, ita ce ke haɗa wuta. Aka rufe famfo, fatar ta sauka, wuta ta yanke. Ɗaya irin kuma akwati ne a bango mai tiyo da kan shawa, irin wanda ya cika gidajen Ingila, ƙarfinsa daga kilowat 7.5 zuwa sama da 10, ƙananansa kuma da ake shigowa da su daga Sin suna farawa daga wajen kilowat 3.

In ban da masu tsada da aka sa wa ma'aunin daidaita zafi, duk waɗannan na'urori ba su san digiri nawa ruwa ya kai ba. Zafi ƙayyadadde suke zubawa a cikin duk ruwan da ya ratsa su, da yawa ne ko kaɗan. Kamar tukunya ce a kan murhun da ba a janye masa itace: in an cika ta ruwa ya yi ɗumi, in an zuba ludayi biyu nan da nan ya tafasa. Maɓallin da aka rubuta wa alamar zafi da sanyi a jikin akwatin Ingila ma, a mafi yawansu ba wuta yake ragewa ba, ruwa yake matsewa ko ya sake.

Lissafin ba shi da wuya. Kilowat 1 yana ɗaga zafin lita 1 ta ruwan da ke gudu a minti ɗaya da kimanin digiri 14. Shawa mai wat 5,500, wadda ta zama gama-gari a cikin irin na Barazil, idan lita 5 ke wucewa a minti za ta ƙara wa ruwa digiri 16. Idan gudun ya ragu zuwa lita 3, ƙarin ya zama digiri 26. Idan ya koma lita 2, ya kusa digiri 40. Ba a taɓa waya ba, ba a taɓa maɓalli ba, amma ruwan da jiya ya yi daɗin wanka yau yana saluɓe fata. Jikin mutum yana jin daɗin ruwa tsakanin digiri 37 da 40. A digiri 60, daƙiƙu kaɗan sun isa a samu ƙuna mai zurfi a jikin babba, fatar yaro da ta tsoho kuwa ba ta ma jure hakan.

Tanki a kan soro, rana a kan tanki

A nan ne Damargu ta sha bamban da ƙasashen da aka ƙera wa waɗannan na'urori. Maƙerin Ingila ya yi lissafinsa a kan ruwan famfo mai ƙarfi, mai sanyi, wanda ba ya ɗaukewa. Akwatinsa yana bukatar matsin ruwa kusan bar 1, wato daidai da a ce tanki yana sama da kan shawa da mita 10. Tankin da aka ɗora a kan soro ko a kan ƙarafa a tsakar gida da wuya ya fi kan mai wanka da mita 2 ko 3. Kashi ɗaya cikin uku ke nan na abin da ake bukata, ko ƙasa da haka. Yayin da ruwan tankin ke raguwa da rana, matsin ma yana ƙara raguwa, shi ya sa wanda ya yi wanka da safe ba ya kuka, wanda ya shiga da la'asar ya fito yana salati.

Ko gidan da ke shan ruwa kai tsaye daga shato, wato babban tankin ruwan gari, bai tsira ba. Ƙarancin ruwa tsohon zance ne a jihar nan ta Damagaram. Yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke fadar mulkin Faransawa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, kuma har yau birnin Damagaram daga nesa ake jawo masa ruwa, daga Gogo da Machaya, da Arunguza da Ganaram. A garuruwan Damargu ruwan ƙarƙashin ƙasa yana can nesa, foraj, wato rijiyar burtsatse, sai an nutsa sosai, kuma inji ko faifan sola ne ke ɗaga shi zuwa shato. Da safe unguwa duka ta buɗe famfo, ƴan garuwa sun jera jarkoki, abin da ke isa makewayin gidan da ke ƙarshen layi bai fi zirara ba. Ko a cikin gida ɗaya, uwargida ta buɗe famfon wanke-wanke ya isa ya rage wa mai wanka ruwa, zafi ya yi tsalle a jikinsa ba sallama.

Sai kuma zafin da ruwan ya zo da shi tun kafin ya shiga na'ura. Ruwan foraj mai zurfi da ɗuminsa yake fitowa, domin ƙasa tana ƙara zafi da kimanin digiri 3 a duk mita 100 da aka nutsa. A zuba shi a baƙin tankin roba, a bar shi a rana tun hantsi, a bi da shi ta bututun da aka shimfiɗa a kan rufin kwano. A hunturu da safe yana iya shiga shawa a digiri 18, ƙarin digiri 26 ya kai shi 44, mutum ya ce madalla. A bazara ruwan nan yana iya shiga a digiri 35 ko fiye, ƙarin nan dai na 26 ya kai shi sama da 60. Shawar Barazil tana da ɗan maɓalli mai matsayi uku: na lokacin sanyi, na lokacin zafi, da na kashewa gaba ɗaya. Da harshen Fotugis ake rubuta su a kan wasu, kuma gidaje da yawa inda mai ɗaurawa ya bar maɓallin a ranar farko nan yake har shekara ta zagayo. Daga watan Maris zuwa Oktoba babu abin da ruwan Damargu ke bukata daga lantarki. A kashe wuta daga makashinta tukuna, sannan a mayar da maɓallin kan kashewa. Ba a juya shi ruwa na zuba, mutum kuma yana tsaye a jiƙe.

Inda ake fara dubawa

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fara kwance na'ura. Bokiti yake fara nema da agogon waya. Ya kashe wuta, ya buɗe ruwa iyakar buɗewa, ya tara na minti ɗaya ya auna. Idan abin da ya taru bai wuce lita 2 ko 3 ba, ya riga ya san inda matsalar take, saura ya gano abin da ya toshe hanya.

Wuri na farko kan shawar ne. Ka kwance shi ka ɗaga a hasken rana, za ka ga rabin hudojin sun toshe da wani farin ɓawo mai tauri, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi. Ma'adinan da ke narke a ruwan rijiya ne, zafi ke sa su daskare, kuma da zarar ruwa ya haura digiri 60 daskarewar tana sauri. Ka ga yadda abin ke ciyar da kansa: ɓawo ya rage gudun ruwa, ruwa ya ƙara zafi, zafi ya ƙara ɓawo. Haɗa da rairayin Damargu, wanda babu tankin da yake bari, musamman mai murfin da ba ya rufuwa ruf. Maganin ba shi da tsada. A jiƙa kan shawar a ruwan kal ko ruwan lemun tsami ya kwana, a goge da tsohon buroshin haƙori, a bi hudojin da allura a hankali ba tare da an faɗaɗa su ba. A mashigar ruwa kuma akwai ƴar rariya ta ƙarfe ko roba, ita ma a ciro ta a wanke. A duba tiyo ko ya lanƙwashe, ko robar cikinsa ta ruɓe ta manne, abin da ido ba ya gani daga waje. A duba famfon da ke gindin tanki ko wani ya rufe shi rabi don tattalin ruwa.

Akwai wani ƙaramin abu da masu ɗaurawa da yawa ba sa lura da shi. Shawar Barazil tana zuwa da wata ƴar roba mai ƙaramar huda a bakin shigar ruwa, aikinta rage matsi a gidajen da ruwa ke zuwa da ƙarfi sosai ko tanki ke can sama. Takardar da ke cikin kwalin tana cewa a cire ta idan tankin ba shi da tsayi. Wanda ya bar ta a gidan da ruwa dama zirara yake, ya shaƙe na'urar tun ranar farko.

Idan ruwa yana gudu yadda ya kamata amma zafin bai daina ba, sannan ake waiwayar wuta. Wani lokaci an canza rezistans da ya ƙone aka sa wanda ya fi shi ƙarfi, ko aka sa na bolt 127 a layin bolt 220, wanda zai ba da zafi kusan ninki uku kafin ya ƙone. Wani lokaci kuma ƙarafan da ke haɗa wuta ne suka narke suka manne, ta yadda ko an rufe famfo wuta ba ta yankewa. Alamar wannan ita ce a ji na'ura tana huci bayan an rufe ruwa, ko robarta ta yi laushi, ko tururi ya fito da an buɗe. Wanda ya ga haka ya kashe wuta daga mita, kada kowa ya ƙara shiga sai an gyara.

Hawa da saukar wuta ma suna da nasu hannu. Zafin da rezistans ke bayarwa ba daidai da ƙarfin wuta yake tafiya ba, ya fi shi saurin hawa da sauka. Idan wuta ta faɗi daga bolt 220 zuwa 180, zafin yana raguwa da kashi ɗaya cikin uku. Mai wanka ya ji ruwa ya yi sanyi, ya matse famfo don ya ƙara ɗumi, wuta ta dawo daidai, ruwan ya ƙone shi. Jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa sun daɗe suna dogaro da layin da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa, kuma lokacin da Nijeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa farkon 2024, gidaje da masaukai da dama sun koma kan janareta. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukar wat 5,500, babba kuma idan ba a daidaita shi ba yana iya ba da bolt 240, wato ƙarin zafi kusan kashi 20 cikin 100.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a duk wannan harka shi ne gyaran da ake kira haɗa kai tsaye. A cikin akwatin bango akwai ɗan makashi mai jin zafi, wanda ke yanke wuta idan ruwa ya wuce ƙima, ya mayar idan ya huce. Shi ne ke sa a ji ruwa yana zafi yana sanyi, yana zafi yana sanyi. Wannan ba lalacewa ba ce, na'urar ce ke shaida cewa ruwa bai ishe ta ba. Sai wani mai gyara ya zo, maigida yana gaggawa, kayan canji kuma sai an aika Damagaram ko Kano, ya ɗauko guntun waya ya tsallake makashin. Ruwa ya daina sanyi, maigida ya biya yana godiya. Abin da ya saya shi ne na'urar da babu abin da zai tsayar da ita ranar da tanki ya ƙare yaro yana ƙarƙashinta. Haka masu tankin bango suke yi wa bawul ɗin kariya da ke ɗigar da ruwa idan matsi ya yi yawa: suna ganin ɓarnar ruwa ce, su toshe shi. Tankin da tamostat ɗinsa, wato ma'aunin daidaita zafi, ya mutu, bawul ɗinsa kuma a toshe, yana iya fashewa ya rushe bango. Duk mai gyaran da ya ce zai cire abin kariya don aiki ya tafi, a sallame shi da girma da arziki a nemi wani.

Wani zafin kuma ba a ruwa yake ba, a waya yake. Wat 5,500 a kan bolt 220 yana jan amfiya 25. Wayar soket ta yau da kullum mai kauri 2.5 ba a yi ta don wannan ba, ta ƙwan fitila mai 1.5 kuwa ba a ma magana. Shawa tana bukatar layinta ita kaɗai tun daga mita, da waya mai kauri 4 ko 6 gwargwadon nisa, da mahaɗi mai ƙarfi da aka ɗaure tam, ba murɗa waya a naɗe da salatif ba. Gidan da mitarsa ta kilowat 3 ce ba zai iya ɗaukar ta ba ko kaɗan, kuma ƙara girman dijonkta, wato makashin da ke yanke wuta idan nauyi ya yi yawa, don ya daina faɗuwa kiran gobara ne. Warin roba mai ƙuna, ko baƙin tabo a inda wayoyi suka haɗu, alama ce da ba a kwana da ita. Sannan wayar ƙasa: a shawar da ƙarfenta ke tsirara a ruwa, ita ce ke kwashe wutar da ta zille kafin ta iso jikin mutum. Sau da yawa za ka ga koriyar wayar nan tana reto a iska ba a haɗa ta da komai ba. A ƙasa mai yashi busasshe irin ta Damargu sandar ƙarfen da ake kafawa sai ta nutsa sosai kafin ta yi aiki, kuma ruwan zartsi ya fi ruwan daɗi ɗaukar wuta. Makashi mai jin zillewar wuta na miliamfiya 30 shi ne ke tsakanin ɗan girgiza da jana'iza.

Hita a bokiti

Ga talaka mai wuta a gida, ɗalibi ko soja ko malamin makarantar da aka turo daga kudu, hitar bokiti ce shawarsa. Mai wat 1,500 tana kai bokitin lita 20 daga digiri 18 zuwa 40 a cikin minti 20. Ba ta da makashi ko ɗaya. Aka manta da ita, ruwa ya tafasa, ya ƙafe, bokitin roba ya narke, tabarma ta kama. An fi mantawa da ita idan wuta ta ɗauke tana ciki, mutum ya fita harkarsa, wuta ta dawo ba kowa a ɗaki. Ba a tsoma yatsa a ji ɗumi tana jone, sai an zare ta daga soket, kuma ba a ciro ta daga ruwa tana jone. Wadda ake haɗawa a gida da reza ko ƙusa biyu kuwa, ruwan kansa take mayarwa waya, bai kamata ta kwana a gidan da ke da rai ba.

Yawancin ƙunar yara ba a ƙarƙashin shawa take faruwa ba, a tsakar gida take, a tazarar da ke tsakanin sauke ruwan zafi da zuwa ɗebo na sirki. Uwa ta juye tafasasshen ruwa a baho ta juya baya, mai rarrafe ya iso. A fara zuba na sanyi, sannan a kawo na zafi a sirka, a gwada da gwiwar hannu ba da tafi ba, domin tafin macen da ta saba da murhu ya daina jin zafin da zai ƙone jariri. Mu mutane ne masu ganin ruwa bai yi magani ba sai yana tururi, wankan jego shaida ne. Likitocin da suka yi bincike a Zariya a shekarun 1970, Davidson da Parry, sun alaƙanta ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego da haɗuwar wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon wuta da yawan kunun kanwa. Ruwa mai ɗumi yana tsabtace jiki ya kuma saki gaɓoɓi, ba sai ya kai na fige kaza ba.

Idan an riga an ƙone, ruwa mai sanyin randa ne magani na farko, a yi ta kwararawa a wurin har minti 20. Inda ruwa ke da wuya, a tara da baho mai tsabta a riƙa maimaitawa. Ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja, ba toka. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fasa ƙurjin da ya ɗuri ruwa, kada a fizge tufar da ta manne, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska da hannu da al'aura, ko kowace iri a jikin jariri, ta likita ce, daga cibiyar lafiya mafi kusa zuwa asibitin gundumar Tanut ko babban asibitin Damagaram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kusan 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi. Ga wanda ke zaune a Tenhiya, inda tafiya zuwa asibiti kan ci yini a kan yashi, rigakafin ya fi nauyi fiye da ko'ina.

Aikin da Abdu Mumuni ya fara

Wankan minti 10 da shawa mai wat 5,500 yana cin kusan kilowat-awa 1. Faifan sola na gida mai wat 200 ko 300, wanda ke kunna fitila da cajin waya a ƙauyuka da zangunan makiyaya, sai an haɗa kusan 20 ko fiye kafin su motsa ta. Alhali ranar da ke gasa tankin nan a kan soro tana sauke kimanin kilowat-awa 6 a kan kowace murabba'in mita ta ƙasar Nijar a yini. Ko rabin wannan aka kama, ya isa ɗumama bokiti biyar ko shida, kuma hunturu, duk da hazonsa, ba ya hana rana fitowa.

Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan. Farfesa Abdu Mumuni Diyoffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun daga 1969. A ƙarƙashinsa an ƙera na'urorin dafa ruwa da hasken rana a Yamai, da hannun ƴan ƙasa, tun ƙasashe da yawa ba su waiwayi abin ba. Fasahar ba ta fi ƙarfin maƙerin da ke walda a kasuwar Tanut ba: akwati mai murfin gilashi, baƙin faranti, bututu, da tanki a sama wanda aka naɗe don ya riƙe zafi har asuba. Ruwan zafi da kansa yake hawa, ba inji ba waya. Shi ma yana iya wuce digiri 60 a bazara, don haka dole a sa masa famfon sirki, a kuma rufe gilashin idan zafi ya shigo. Amma ba ya jan mutum, ba ya ƙona waya, ba ya jiran Nijelek, kuma yana aiki a Tenhiya kamar yadda yake yi a Yamai.

A ganina nan ya kamata hankali ya koma, musamman a ɗakunan haihuwa na cibiyoyin lafiya, inda ake bukatar ruwan ɗumi dare da rana kuma dangin mai haihuwa ne ke neman itace. Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomin Tanut da Tarka da Gangara da Olelewa suna iya koya wa matasa ƙera wannan na'ura da gyaranta, tare da koya wa masu aikin wuta abin da bai halatta a tsallake ba a cikin shawar lantarki. Shugabannin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin da ke haƙa foraj su sa wannan a lissafi tun ranar da ake zana shato. Kai kuma mai shawa a gida, kafin bazara ta shigo ka auna ruwanka da bokiti, ka wanke kan shawar da rariyarta, ka sa a duba maka wayar ƙasa, ka mayar da maɓallin kan kashewa.